Ajiya Maganin Wata Rana: Adana Bayanan Kwamfuta da Maido da Su Bayan Ɓarna a Yankin Ƙauran Namoda, Shinkafi da Zurmi

Tsakure

Mafi yawan kayan binciken Hausa a yau a cikin kwamfuta suke zaune: muryoyin da aka naɗa a fagen bincike, hotunan rubuce-rubucen Ajami, daftarin kundaye da jerin kalmomin karin harshe. Wannan maƙala ta yi bayanin yadda ake adana irin waɗannan bayanai da yadda ake maido da su cikin gaggawa idan ɓarna ta auku, tare da la'akari da halin da ake ciki a arewacin Jihar Zamfara. Maƙalar ta nuna cewa darajar kowace ajiya tana ga yiwuwar maido da ita cikin lokacin da ake buƙata, ko da babu intanet. Ta kuma kawo tsarin da manazarci ɗaya ko ƙaramin sashe zai iya bi ba tare da kashe kuɗi masu yawa ba.

Fitilun kalmomi: kwafin ajiya, maidowa, katse sadarwa, haruffa masu lanƙwasa, Zamfara

1.0 Gabatarwa

A farkon watan Satumba na shekarar 2021, Hukumar Sadarwa ta Nijeriya ta umurci kamfanonin waya da su rufe layukansu a duk faɗin Jihar Zamfara, bisa buƙatar gwamnatin jihar a yaƙin da take yi da 'yan bindiga. An fara da wa'adin mako biyu, amma rufewar ta zarce haka. Gusau ta samu layi a farkon Oktoba, sauran ƙananan hukumomi kuwa sai wajen ƙarshen Nuwamba. A tsawon waɗannan makonni, duk wanda ke zaune a Ƙauran Namoda ko Shinkafi ko Zurmi, kuma kwafin aikinsa yana cikin ma'ajiyar intanet kaɗai, ba shi da hanyar kaiwa gare shi sai ya yi tafiya zuwa inda ake samun layi, a kan hanyoyin da su ma ba su da aminci.

Wannan lamari ya fito da wani giɓi a cikin shawarar da aka saba bai wa ɗalibai da malamai, wato a ɗora komai a intanet a huta. Shawarar an gina ta ne a kan zaton cewa wuta da layi suna nan kullum. Inda wannan zato bai tabbata ba, dole a sake tsara ajiyar daga tushe.

2.0 Yankin da Abin da Ke Cikin Haɗari

Ƙauran Namoda ta samo sunanta daga Muhammadu Namoda, ɗaya daga cikin jagororin yaƙi na jihadin ƙarni na 19 a ƙasar Zamfara. A nan ne layin dogo da ya taso daga Zariya ta Funtuwa da Gusau ya tsaya a shekarar 1929, kuma a nan Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya take tun 1983. Zurmi tsohuwar cibiyar Alibawa ce, Shinkafi kuwa babbar kasuwa ce da ke maƙwabtaka da ƙasar Isa ta Gobirawa. Ga mai nazarin Hausa, yankin taska ne na karin harshen yamma da waƙoƙin baka. Daga wannan shiyya ne Ibrahim Narambaɗa Tubali, makaɗin Sarkin Gobir na Isa, ya fito, haka ma Kassu Zurmi, mawaƙin maza.

Abin da ya sa batun ajiya ya yi nauyi a nan shi ne, yawancin abin da aka naɗa ba zai sake naɗuwa ba. Rikicin shekarun nan ya tashi ƙauyuka da dama, mazaunansu sun watsu zuwa garuruwa. Dattijon da aka yi hira da shi a kan tarihin masarauta ko kirarin mafarauta mai yiwuwa ya rasu, ko ya yi ƙaura zuwa inda ba a san shi ba. Littafin Ajami da aka ɗauki hotonsa a zauren wani malami wataƙila ya ƙone tare da zauren. A irin wannan hali, fayil ɗin da ke cikin kwamfutar manazarci shi ne asali, ba shi da na biyu.

Duniyar nazarin harshe ta ga irin wannan asara. Gobarar da ta cinye Gidan Tarihi na Ƙasa da ke Rio de Janeiro a Brazil, ranar 2 ga Satumba, 2018, ta haɗa da muryoyin da aka naɗa na harsunan 'yan asalin ƙasar, waɗanda wasunsu ba su da sauran masu magana da su. A Tumbutu kuwa, an ƙona dubban rubuce-rubuce a Cibiyar Ahmad Baba a watan Janairu na 2013, amma mafi yawan taskar garin ta tsira domin an riga an kwashe ta a ɓoye zuwa Bamako.

3.0 Ire-iren Ɓarnar da Ke Samun Kwamfuta

Ana iya kasa ɓarnar gida huɗu, kuma kowace tana da irin ajiyar da ke maganinta.

Ta farko ita ce lalacewar na'ura. Faifan ajiya mai juyawa yana mutuwa ta faɗuwa ko tsufa. Wutar da ke zuwa da ƙarfi bayan ɗaukewa, ko ta janareto maras daidaito, tana ƙona kayan ciki. Zafin bazara, wanda kan haura digiri 40 a wannan yanki, da ƙurar hunturu, suna rage wa na'ura kwana.

Ta biyu ita ce rasa wurin baki ɗaya: gobara, ambaliya a garuruwan da ke gaɓar Gulbin Gagare da na Bunsuru, sata, ko hari. Wanda aka tare a hanya aka karɓe masa jaka ya rasa kwamfuta da filashin da ke cikin aljihun jakar a lokaci ɗaya.

Ta uku ita ce ɓarnar manhaja. Akwai ƙwayar cutar kwamfuta da ake kwasowa a shagunan buga takardu, wadda ke ɓoye manyan fayiloli a filashi. Akwai kuma manhajar garkuwa da bayanai, wadda ke kulle duk abin da ta samu, har da faifan da ke jone da kwamfutar, sannan a nemi kuɗin fansa.

Ta huɗu ita ce kuskuren mai aiki: share fayil bisa rashin sani, ko ɗora tsohon daftari a kan sabo. A kan wannan duka akwai katsewar layi, wadda ba ta lalata bayanai amma tana raba su da mai su. Ba rufewar 2021 kaɗai ba ce misali. A harin da aka kai garin Zurmi a watan Afrilu na 2024, wanda ya kai har fadar sarki, maharan sun lalata turken sadarwa.

4.0 Bambancin Ajiya da Maidowa

Kwafin ajiya abu ne da aka yi jiya. Maidowa aiki ne da za a yi ranar da ɓarna ta auku, cikin ruɗani da ƙarancin lokaci. Masana harkar suna auna shirin kowace hukuma da tambayoyi biyu. Ta farko: aikin kwana nawa za a iya jure rasawa? Wannan shi ne iyakar asara, kuma shi ke nuna sau nawa za a riƙa yin kwafi. Ta biyu: cikin awa nawa ko kwana nawa dole a koma aiki? Wannan shi ne wa'adin maidowa, kuma shi ke nuna inda za a ajiye kwafin da irin sigar da za a yi shi. Ɗalibin da saura mako ɗaya ya kare kundinsa, wa'adinsa bai wuce kwana ɗaya ko biyu ba. Taskar muryoyi ta sashe tana iya jiran wata guda, muddin ba a rasa ko hira ɗaya ba.

Misalai biyu sun isa su bayyana muhimmancin wannan bambanci. A watan Oktoba na 2023, masu garkuwa da bayanai sun afka wa Babban Ɗakin Karatu na Birtaniya da ke Landan. A rahoton da ɗakin karatun ya fitar a watan Maris na 2024, ya bayyana cewa yana da amintattun kwafe na taskarsa, amma maharan sun lalata na'urorin da za a maido da kwafen a kansu, kuma wasu tsofaffin manhajojin ba su sake ɗoruwa a sabon tsari. Sai da aka yi watanni masu bincike ba su iya kaiwa ga abubuwa da yawa ba.

Misali na biyu ya shafi Afirka ta Yamma. A watan Yuni na 2017, manhajar ɓarna mai suna NotPetya ta rusa kwamfutocin kamfanin jiragen ruwa na Maersk a duniya. Na'urorin da ke riƙe da rajistar ma'aikata da izinin shiga an tsara su ne kowace ta zama madadin 'yar'uwarta, saboda haka duka suka mutu tare. Guda ɗaya ce ta tsira, a ofishin kamfanin da ke Ghana, domin an ɗauke wuta kafin harin, na'urar ta yanke daga sauran. Da hannu aka ɗauko faifanta, aka bi da shi ta Nijeriya zuwa Ingila, daga gare shi aka sake gina tsarin. Kamfanin ya ce ya sake ɗora manhaja a kan kwamfutoci 45,000 cikin kimanin kwana 10. Darasin a fili yake: kwafin da ba ya jone da komai shi ne ya ceci sauran.

5.0 Tsarin Ajiya da Ya Dace da Yankin

Ƙa'idar da ta fi shahara ita ce ta 3-2-1, wadda mai ɗaukar hoto Peter Krogh ya yaɗa: kwafi uku, a kan nau'in ma'ajiya biyu, ɗaya daga ciki a wani wuri na daban. Manomin Zamfara ya san wannan hikima tun kafin kwamfuta, domin ba ya haɗa iri da hatsin ci a wuri ɗaya. Ga yadda za a daidaita ƙa'idar da halin yankin.

5.1 Kwafin Kusa

Faifan ajiya na waje, wanda ake jonawa lokacin kwafi kawai sannan a cire, shi ne ginshiƙin maidowa cikin gaggawa. Lissafi ya nuna dalili. Awa ɗaya ta murya a sigar WAV mai inganci, irin wadda taskoki ke buƙata, tana cin kimanin gigabait 1. Idan aka haɗa da bidiyo da hotunan rubuce-rubuce, taskar manazarci ɗaya tana iya kai gigabait 500. Sauko da wannan ta layin da ke ba da megabit 2 a daƙiƙa zai ɗauki kimanin kwana 23 ba tsayawa, ban da kuɗin data. Daga faifan waje mai gudun megabait 100 a daƙiƙa, aikin bai kai awa biyu ba. Kada a ajiye wannan faifai a jaka ɗaya da kwamfutar. Filashi da katin waya sun dace da ɗaukar fayil daga wuri zuwa wuri, amma ba su dace da doguwar ajiya ba, domin irin wannan ma'ajiya tana iya zubar da abin da ke cikinta idan ta daɗe ba a jona ta ba, musamman a wuri mai zafi.

5.2 Kwafin Nesa

Nisan ya kamata ya wuce iyakar ɓarnar da ake tsoro. Gobarar da ta tashi a cibiyar bayanai ta kamfanin OVH a Strasbourg ta Faransa, ranar 10 ga Maris, 2021, ta jawo wa wasu abokan hulɗarsa asarar asali da kwafi tare, domin duka a harabar ɗaya suke. Ga mai aiki a Zurmi, kwafin da ke Ƙauran Namoda yana maganin gobara da sata, amma rufewar 2021 ta haɗa garuruwan biyu, har ta taɓa wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato. Abin da ya fi shi ne a samu faifai biyu da ake musanyawa: ɗaya a hannu, ɗaya a wurin amintaccen abokin aiki a Gusau ko Zariya ko Kano, a riƙa sauya su duk lokacin da tafiya ta kama. Kayan da aka kammala aikinsu kuwa, ya dace a miƙa kwafinsu ga ɗakin karatun jami'a ko wata taska da ta kafu, irin su Gidan Arewa da ke Kaduna ko Cibiyar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu da ke Sakkwato, bisa sharuɗɗan da aka amince da su a rubuce.

5.3 Ma'ajiyar Intanet

Tana da amfani ga ƙananan fayiloli masu sauyawa kullum, kamar daftarin babi da rubutacciyar hira. Sai dai a lura cewa manhajoji irin su Google Drive da OneDrive, idan an saita su su riƙa daidaita kwamfuta da intanet, suna kwaikwayon duk abin da ya faru ne. Abin da aka share a nan zai sharu a can, kuma Google Drive tana zubar da kwandon shararta bayan kwana 30.

6.0 Maidowa Cikin Gaggawa

Kwamfutar manazarci ta ƙunshi abu biyu: bayanai, da kuma tsarin da ake aiki da su a kansa, wato babbar manhaja, da manhajojin aiki irin su ELAN da Praat da FLEx, da haruffa, da allon rubutun Hausa irin na Keyman. Kwafin fayiloli yana ceton na farko kaɗai. Sake gina na biyu daga tushe yana buƙatar sauko da manhajoji, abin da ba ya yiwuwa idan babu layi.

Maganin wannan shi ne cikakken kwafin faifai, wanda ke ɗauke duk abin da ke kan kwamfutar a dunƙule, a mayar da shi a kan sabon faifai kwamfutar ta tashi kamar yadda take. Manhajar Clonezilla, wadda kyauta ce, tana yin wannan aiki. Windows tana da nata kayan yin sa. Ana yin irin wannan kwafi sau ɗaya a zangon karatu, ko bayan an ɗora sabuwar manhaja. Fayilolin aiki kuwa kullum ko mako-mako, gwargwadon iyakar asarar da aka yanke.

Tare da faifan, a tanadi abubuwa uku: filashin tayar da kwamfuta idan babbar manhajarta ta mutu, kwafin fayilolin ɗora manhajojin aiki, da takarda guda da aka rubuta matakan maidowa da hannu. Idan ɓarna ta auku, matakan su ne:

1. A daina amfani da na'urar da ta lalace, kada a rubuta komai a kanta.
2. Idan ana zargin manhajar ɓarna ce, kada a jona faifan ajiya sai an tayar da kwamfutar daga filashi mai tsabta.
3. A maido da cikakken kwafin faifai, sannan a ɗora fayilolin aiki mafi sabunta a kansa.
4. A buɗe samfurin kowane nau'i, murya da hoto da rubutu, a tabbatar suna aiki.
5. A yi sabon kwafi nan take, domin wanda aka maido daga gare shi ya zama shi kaɗai ne ya rage.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kwafin da ba a taɓa gwada maidowa daga gare shi ba, ba a san ko yana aiki ba. Masu kwafar littattafai a ƙasar Hausa sun san haka, shi ya sa ba sa ɗaukar kwafi ya kammala sai an yi muƙabala, ɗaya na karanta asali ɗaya na bin sabon rubutu. Kwamfuta tana da nata muƙabalar: lissafi irin su SHA-256 yana fitar wa kowane fayil lamba ta musamman, wadda ke sauyawa ko da harafi ɗaya ya canza. Idan lambar asali da ta kwafi suka zo ɗaya, kwafin ya inganta. Ya dace kowane sashe ya ware rana ɗaya a zango domin gwajin maidowa a kan wata kwamfuta, a kuma rubuta tsawon lokacin da ya ɗauka.

7.0 Matsalar Haruffa Masu Lanƙwasa

Akwai wata asara da ta keɓanta da masu rubutu da Hausa. Kundaye da maƙalu masu yawa an buga su ne da haruffa na musamman, irin su Rabi'at da Abdalla, waɗanda suka yi wa fagen hidima sosai a lokacin da kwamfuta ba ta san ɓ da ɗ da ƙ ba. Irin waɗannan haruffa suna aron gurbin wasu alamomi ne su nuna mai lanƙwasa a madadinsu. Idan aka maido da fayil a kwamfutar da ba ta da harafin, sai alamomin asali su bayyana, rubutun ya dagule, ga shi kuma fayil ɗin lafiyarsa lau. A harshen da ƙafa da kafa, ko ɓata da bata, ke da ma'ana daban, wannan ba ƙaramar ɓarna ba ce, balle a kundin da ya shafi tsarin sauti ko karin harshe.

Saboda haka fayilolin haruffan su ma a sa su cikin ajiya. Kowane aiki da aka kammala a fitar masa da kwafin PDF wanda haruffan ke dunƙule a cikinsa. Sabon rubutu kuma a yi shi da tsarin Unicode, wanda ya ba kowane harafi mai lanƙwasa lambarsa ta dindindin, tsofaffin matani a juya su zuwa gare shi sannu a hankali. Haka nan, kowace hira a haɗa ta da ɗan bayani: wurin da aka yi ta, ranar, nau'in magana da sharaɗin amfani da ita. Murya maras wannan bayani ta rasa rabin darajarta ta ilimi.

8.0 Amanar Waɗanda Aka Yi Hira da Su

Yawaita kwafi yana yawaita ƙofar da sirri zai iya fita. A yankin da ake zargin mutane da kai rahoto ga wannan ɓangare ko wancan, hirar da ke ɗauke da suna da muryar wanda ya yi magana a kan rikici tana iya jefa shi cikin haɗari idan faifan ya faɗa hannun da bai dace ba. Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ma ta ɗora wa mai riƙe da bayanan mutane alhakin tsare su. Don haka faifan da zai yi tafiya a kulle shi da manhaja irin su BitLocker ko VeraCrypt, jerin sunaye na gaskiya kuma a raba shi da muryoyin. Sai dai kullewa tana da nata tarko: wanda ya manta kalmar sirri, ko ya rasu bai bar ta ga kowa ba, ya rufe taskar har abada. Mabuɗin maidowa a rubuta shi a takarda, a rufe a ambulan, a damƙa ga mutum biyu amintattu a garuruwa daban-daban.

9.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa a Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi, tsarin ajiya nagari shi ne wanda zai yi aiki ranar da babu layi: faifai a kusa wanda ba ya jone, wani a garin da ke wajen iyakar ɓarnar, cikakken kwafin tsarin tare da haruffansa, da gwajin maidowa a kai a kai.  Ya dace sassan Hausa su sa tsarin adana bayanai cikin abin da ake tambayar ɗalibi tun lokacin gabatar da ƙudurin bincike, su kuma sharɗanta miƙa muryoyi da hotunan da aka tattara tare da kundi, ga ɗakin karatun da zai iya riƙe su bayan mai binciken ya bar jami'a.